Hoton da Ya Maƙale Tsakanin Kamfani Uku

To, ku ajiye wayoyin nan tukuna ku ara mini kunnuwanku. Alhaji Tanimu, kai ma rage muryar rediyon nan, labaran duniya ba za su tsere maka ba. Abin da zan ba ku yau ba labarin zamanin da ba ne, ko mako bai cika da faruwa ba, kuma uku daga cikin mutanen da ke ciki da hannuna na koya musu aiki.

Kun san shekara talatin da biyar na yi a aikin sadarwa, tun muna hawa falwaya da igiya a ƙugu har aka zo zamanin da mutum zai zauna a kujera ya gyara na'urar da ke wata jiha. Da na yi ritaya aka ɗauke ni koyarwa, a nan na haɗu da wasu 'yan mata uku da ba a raba su: Zuwaira, Ramlatu da Kaltume. Zuwaira shiru-shiru ce, amma in ta kama abu ba ta saki, har sai ka gaji da ita. Ramlatu mai tsari ce da bin ƙa'ida, littafinta ko gogewa ba za ka gani ba. Kaltume kuwa bakinta ya fi ta girma, ita kaɗai ce ta taɓa ce mini, "Baba, wannan lissafin naka bai yi ba," kuma da na duba ita ce da gaskiya. Da suka gama sai aiki ya rarraba su, kowacce ta faɗa kamfani daban, kamfanonin nan kuma kishin juna suke yi ba kaɗan ba.

Akwai wani babban asibiti a birni da ke da ƙaramin reshe a wani gari mai suna Kwarin Tsamiya, tafiyar awa shida a mota in hanya na da kyau. Likita ɗaya ne a reshen, saurayi mai ƙoƙari amma sabon hannu. Dabarar da suka yi ita ce, in ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya ɗora wa majiyyaci na'urar ɗaukar hoton ciki, manyan likitocin birni su gani nan take a allonsu, su gaya masa abin yi. To sirrin marasa lafiya ba abin da za a saka a intanet ɗin kowa da kowa ba ne. Don haka asibitin ya nemi hanya tasa ta kansa, wadda ba mai shiga sai shi. Matsalar ita ce babu kamfani ɗaya da wayarsa ta kai daga birni har Kwarin Tsamiya. Kamfanin su Zuwaira ne ke riƙe da birni. Kamfanin su Ramlatu ne mai wayar da aka binne a gefen babbar hanya. Kamfanin su Kaltume, ɗan ƙarami, shi ne mai ƙarafan sabis a kan duwatsun karkara. Dole sai ukun nan sun miƙa wa juna kafin saƙo ya isa.

Ga yadda abin yake. Saƙo ba ya tafiya dunƙule, yanka shi ake yi ƙunshi-ƙunshi. Kowane kamfani in ƙunshi ya shigo hannunsa sai ya manna masa ɗan tambari, don kada na asibiti ya cakuɗe da na wata makaranta ko na wani ɗan kasuwa da su ma suke bin wayar. Kamar dai buhu ne a tasha, wannan mota ta sauke waccan ta ɗauka, kowane ɗan kamasho ya zana shaidarsa a jiki. Inda na'urar wannan kamfani ta fuskanci ta wancan, nan muke kira bakin iyaka, kuma ba wanda ke barin ɗan'uwansa ya leƙa abin da ke bayan iyakarsa.

Yanzu bari in tona mana asiri, mu ma'aikatan wannan sana'a. Muna da wata mummunar ɗabi'a. In aka kawo ƙorafi cewa hanya ta lalace, sai kowa ya aika ɗan mitsitsin saƙon gwaji daga kujerarsa. In ya je ya dawo, shi ke nan, sai ya rubuta "a wajena lafiya lau", ya rufe ƙorafin, ya ce a tambayi na gaba. Na gaba ma haka zai yi. Ni kaina na yi wannan ya fi a ƙirga, ba na ɓoye muku. Kwana shida ma'aikatan reshen Kwarin Tsamiya suna kukan cewa sunayen marasa lafiya da takardun magani suna wucewa, amma hoto ya daina zuwa birni. Kamfani uku suka gwada, kamfani uku suka ce lafiya lau.

Ranar Alhamis da hantsi aka kawo wata mata reshen a amalanke, sunanta Hansatu, matar wani manomin albasa da ake kira Malam Sallau. Cikinta wata tara, jini na zuba. Ƙaramin likita ya ɗora na'ura ya ga mabiyiya ta sauko ta tare ƙofar haihuwa. Ya san sai an yi tiyata, ya kuma san in ya tsaga a inda bai kamata ba, jinin da zai ɓalle ba zai iya tsayar da shi ba. Bai taɓa yin irinta shi kaɗai ba. Kwana biyu ana tafka ruwa, kogi ya cinye gadar da ke fita garin, ba ta yadda za a kai ta birni, ba ta yadda likitar birni za ta zo. Ya kira babbar likitar mata ta birni a waya, don sabis ɗin garin na ɗaukar murya, hoto ne ba ya iyawa. Ta ce masa, "Ba zan ce ka sa wuƙa a abin da ban gani ba. Jini leda nawa gare ka?" Ya ce biyu. Ta ce, "To za ka iya riƙe ta zuwa la'asar. Kafin nan ko in ga hoton, ko ka shiga da abin da Allah ya ba ka."

Ƙorafin ya faɗo teburin Zuwaira, karo na huɗu a makon. Ta aika ɗan saƙon gwaji, ya je har Kwarin Tsamiya ya dawo garau. Oganta ya leƙo ya ce ta rufe, akwai manyan abokan hulɗa da ke jira. Sai dai wannan karon babbar likitar da kanta ta kira, ta ce mata, "'Yata, ni ban san aikinku ba. Na dai san akwai mace a kwance, kuma rai biyu ne." Zuwaira ta ce daga nan ta kasa kai hannu ta rufe. Ta zauna ta tambayi kanta abin da ba wanda ya tambaya cikin kwana shida: me ya bambanta takardar magani da hoto? Takarda ƙaramin ƙunshi ce, hoto kuwa ƙunshinsa cike yake taf. Sai ta fara ƙara wa saƙon gwajin girma, kaɗan-kaɗan, tana aikawa tana rubutawa. Oga ya dawo sau biyu, na biyun da faɗa, ba ta ko ɗaga kai ba. Can wajen sha ɗaya da rabi ta kai wani girma da saƙon ya tafi bai dawo ba. Ta rage, ya dawo. Ta ƙara, ya ɓace. Ta auna tsakanin girman da ya tsaya a kai da wanda ya kamata ya kai, ta ga huɗu ne cif a ma'auninmu, wato daidai girman tambari ɗaya. Nan ta gane wani ya ƙara tambari a hanya, kuma a wani wuri akwai tsohuwar ƙofa da cikakken ƙunshi ba ya shige ta da wannan ƙarin. Ta so ta rage girman ƙunshin daga tushe, ta tarar masu ƙera na'urar hoton sun kulle wannan. Ƙa'ida ta ce ta rubuta wa sauran kamfanonin ta ofis, amsa ta zo bayan kwana biyu. Ta ɗauki wayarta ta fita baranda, ta kira ƙawayenta, ta karanta musu duk abin da ta gani a na'urorin kamfaninta, abin da aka hana ta faɗa wa kowa a waje.

Ramlatu na jin "huɗu cif" ta gane daga inda matsalar ta fito. Mako guda kafin nan kamfaninta ya canza yadda yake miƙa kaya a bakin iyaka. A da, in ƙunshi ya iso sai a cire tsohon tambari a manna sabo, kowane abokin hulɗa da ƙofarsa. Sabon tsarin ya haɗa kowa a ƙofa ɗaya, ana ɗora tambari a kan tambari. Ya fi sauƙi, ya fi zamani, kuma ita aka ba aikin, da yatsunta ta yi shi. Ta gwada a lokacin, amma da ɗan mitsitsin saƙon nan namu na gado. Yanzu ba ta isa ta mayar da tsarin baya ba, don abokan hulɗa ɗari da wani abu ne ke kansa, in ta taɓa duk za su yanke. Abu ɗaya ya rage: ta sake buɗe wa asibitin tsohuwar ƙofarsa shi kaɗai, da hannu, a kan na'urar da ke ɗauke da kowa, da rana tsaka. A kamfaninsu ba a taɓa wannan na'urar sai da sa hannun mutum uku. Ta nemi na farko, yana taro. Na biyu ya ce ta rubuto a duba ranar Litinin. Na uku ya ce mata ƙiri-ƙiri, "In kika taɓa, ki tattara kayanki." Ku tuna wace ce Ramlatu, yarinyar da ko layi ba ta tsallakewa. Kuma ta san in ta kuskure lamba ɗaya, hoton cikin Hansatu zai iya faɗawa kwamfutar wani baƙo, ko ta kashe wa rabin jiha hanya. Ta ce ta yi alwala ta yi azahar, ta dawo ta zauna, ta rubuta umarnin a takarda layi-layi, ta karanta sau uku. Sannan ta shiga na'urar da sunanta, ba da na wani ba, don kada gobe a kama wanda bai ji ba bai gani ba. Ta buɗe ƙofar. Amma ƙofa ce mai fuska biyu, ɗaya fuskar tana cikin wani ɗan ɗaki a kan dutsen da ke bayan Kwarin Tsamiya, inda wayarsu ta haɗu da ta ƙaramin kamfani. Tsohuwar igiyar waya da ke haɗa su a can kuwa an zare ta tun ranar canjin.

Kaltume ce ta zare ta, kuma tana cikin jakarta. Tsohuwar ƙofar da ke maƙale hoton ma tasu ce, wata na'ura ce da ta sha gaya wa masu kamfanin ta tsufa, har ta gaji ta yi shiru. Ranar tana wani gari a wannan gefen kogin, dutsen yana wancan gefen. Ta hau babur zuwa bakin ruwa, ta tarar da masu kwalekwale zaune sun ɗaure jiragensu, suka ce yau ko kifi yana neman inda zai fake. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Kun san bakinta. Ta roƙa, ta yi faɗa, ta gaya musu sunan matar da ke kwance. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Hansatu ta gidan Sallau? Shiga mu je." Sai da suka kai tsakiya ta gaya masa ba ta iya ruwa ba, ya ce da ta faɗa tun farko da bai ɗauke ta ba, ta ce shi ya sa ba ta faɗa ba. Ta naɗe kwamfutarta da igiyar a leda uku ta ɗaure a ka da ɗankwali. Dab da gaɓa wani kututture ya bugi jirgin ya kife. Dattijon ya cafko ta ta wuyan riga, ta sha ruwa har ta ƙoshi, amma ta ce hannunta ɗaya bai bar kanta ba. Ta fito ba takalmi. Haka ta hau dutsen nan da ƙafa, duwatsu na santsi, wani ya tsaga mata tafin ƙafa ta yage gefen zaninta ta ɗaure. Ta isa ta tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakin, mai gadi ya sauka gari da makulli tun da ruwa ya tsananta. Ta ɗauki dutse ta fasa kwaɗon kamfaninta. Lokacin rana ta riga ta karkata.

Daga nan su ukun suka haɗu a waya ɗaya. Akwai abin da na koya musu tun suna aji, na gode Allah ba su manta ba: in za a daidaita lamba tsakanin mutum biyu, ɗaya ya karanta, ɗaya ya maimaita, ba a cewa "na gane". Ramlatu na karantowa, Kaltume na maimaitawa haƙoranta na kaɗawa don sanyi, Zuwaira na riƙe da babban saƙon gwajin nan tana aikawa ba tsayawa. Ya tafi bai dawo ba. Ya sake tafiya bai dawo ba. Kaltume ta ce a dakata, ta zare igiyar ta hure ta, ta goge bakinta da busasshen gefen leda, ta mayar. Zuwaira, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta yi ihun da ya sa duk ofishinsu ya miƙe.

Ana kiran la'asar hoton ya bayyana a allon babbar likita. Ledar jini ta biyu ta kusa ƙarewa, ƙaramin likita ya riga ya wanke hannu ya shata inda zai tsaga. Ta duba, ta ce ya matsar da na'urar hagu, ya ɗan yi sama. Sai ta ce, "Tsaya! Ba nan ba. Akwai babbar jijiya a ƙarƙashin inda ka shata. Hau sama da yatsa huɗu." Ta bi shi taki-taki har ya ciro yarinya mace tana tsala kuka, ta tsaya a kansa har ya ɗinke. Hansatu ta rayu, 'yarta ta rayu. Wallahi da aka gaya mini sai da na yi hawaye, ban ji kunya ba.

Ba a yi musu kalangu ba, kada ku zata. Zuwaira ta samu takardar tuhuma kan fitar da sirrin kamfani, an ɗauke ta daga teburinta an mayar da ita amsa waya. Ramlatu an dakatar da ita washegari, an karɓe katin shigarta, kuma har yanzu ba a ce mata ta dawo ba. Kaltume na kwance a reshen nan na Kwarin Tsamiya, ɗinki bakwai a ƙafa ga zazzaɓi, gadonta na kallon na Hansatu.

Jiya da hantsi ina zaune a nan sai ga baƙo da ƙafafu duk taɓo. Malam Sallau ne. Ruwa ya ɗan janye, ya ƙetaro, Kaltume ce ta yi masa kwatancen gidana. Bayan mun gaisa ya ce, "Baba, an ce kai ne malaminsu, shi ya sa na zo. Na yi wa jaririyar kiran salla a kunne, amma ban raɗa mata suna ba. Tun cikin na wata uku na yi niyyar in mace ce in mayar da sunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. To da Hansatu ta farfaɗo aka ba ta labari, sai ta kira ni ta ce, Malam, Inna ta haife ka, amma ba ita ta haifi wannan ba, ka yi haƙuri ka sa mata sunan wadda ta cece mu. Na kwana biyu ina juya maganar, na ga gaskiyarta. Na haƙura da sunan uwata. Amma su uku ne, 'yar kuwa ɗaya ce."

Na ce ya tambaye su mana. Ya ce ai ya tambaya. Kaltume ta ce, "Ni za a ba, ni na sha ruwan kogi," ta yi dariya har ɗinkinta ya motsa. Ramlatu ta fashe da kuka a waya, ta ce wadda ta haƙa ramin ba a yi mata takwara don ta cike shi. Zuwaira kuwa abin da ta ce kawai shi ne yaya jikin mai jego.

Na ce masa ya kwana, zan kai maganar majalisa. Ni kam na auna na sake aunawa, kullum sai ma'aunin ya tsaya. Ba don Zuwaira ba, da har gobe kamfani uku na cewa lafiya lau, ba wanda zai san abin da za a gyara, amma ita ce ta rufe ƙorafin nan sau uku kafin ranar. Ba don Ramlatu ba, da an san ciwon ba a da ƙofar bi, ta kuma sa aikinta a kan layi da sunanta, amma hannunta ne ya ƙara tambarin. Ba don Kaltume ba, da ƙofar Ramlatu ta buɗe a kan bango, ita ce kuma ta kusa barin ranta a ruwa, amma ta san na'urarsu ta tsufa ta yi shiru, ita ce kuma ta zare igiyar.

Jibi Alhamis ne suna. An riga an ɗaure rago, liman na jira, ga Malam Sallau can zaure yana sauraronmu. Mutumin nan ya ajiye sunan uwar da ta haife shi, don haka kada wanda ya ba shi amsar wasa. To jama'a, Zuwaira, Ramlatu ko Kaltume, sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?